Wakili na cewa komai lafiya, 'yan haya kuma na ta tashi: ina maganar take maƙalewa?

Wani bawan Allah ya aiko mini da tambaya. Ya ce shi da abokansa biyu suka haɗa kuɗi suka sayi gidan haya mai sassa shida, suka damƙa shi a hannun wakili saboda dukkansu aiki ya yi musu yawa. Duk sanda ya kira wakilin, amsar ɗaya ce: komai lafiya. Amma cikin shekara ɗaya da rabi 'yan haya uku sun tashi, ɗaya ya daina biya, sannan kwatsam aka kawo musu lissafin gyaran rufi da ya lashe kuɗin hayar wata biyar. Yanzu abokan sun fara yi masa wani irin kallo, tunda shi ya kawo wakilin. Yana so ya sani, ya sallami wakilin ne, ko kuwa 'yan hayar ne ba su da kirki?

Malam, Allah ya mayar da alheri. Kafin ka sallami kowa, ina so ka tsaya a kan rufin nan tukuna, domin amsar tambayarka tana wurin. Rufin da zai ci hayar wata biyar ba a dare ɗaya ya lalace ba. Ya fara ne da ƙusa guda da ta saki, ko magudanar ruwa da ganye ya toshe, kuma akwai wanda ya ga farkon abin da idonsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka abin da za ka bincika shi ne: yaushe ɗan haya ya fara faɗa, wa ya faɗa wa, kuma a bakin wa maganar ta mutu kafin ta iso gare ka?

Na daɗe ina kula da gidajen haya na mutane, kuma abin da ya koya mini wannan darasi ya faru ne a hannuna. Akwai wata baiwar Allah da ke zaune a sashen sama na wani gida da nake kula da shi, shekara huɗu ba ta taɓa jinkirta biya ko da kwana ɗaya ba. Ta gaya wa maigadi cewa idan aka yi ruwa yana ɗiga a kan gadon yaranta. Maigadi ya gaya wa yaron ofishina cewa silin na ɗan jiƙa. Yaron ya ce mini akwai ɗan tabo a silin ɗin sama, ba wani abu ba ne. Na ce to, a bari sai mun je zagaye. Bayan wata huɗu silin ya rufto. Da na shiga ɗakin, na tarar da katifa a jingine da bango, robar tarar ruwa a tsakiyar gado, sannan a ɓangaren silin da bai faɗo ba na ga zane-zanen fensir, da'ira cikin da'ira. Ashe duk sati sai ta hau kujera ta zagaye tabon ta rubuta kwanan wata, don ta nuna wa duk wanda zai zo yadda abin ke faɗaɗa. Ba wanda ya zo. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ce za ta tashi a ƙarshen wata, kuma ta tashi. Har yau idan na tuna da'irorin nan sai in ji nauyi a ƙirjina, domin ta yi duk abin da ya kamata ta yi, mu ne ba mu buɗe mata ƙofar da maganarta za ta shigo da girmanta ba.

Ka lura, a cikin mutum ukun nan babu wanda ya yi ƙarya. Maigadi da yaron ofishina kowa ya ɗan rage wa maganar matar nauyi ne kawai, har ta zo mini ba ta da nauyin komai. Haka saƙo yake a harkar gidaje: duk bakin da ya bi ta ciki sai ya ƙanƙance, kuma kowa yana da dalilinsa. Wakili ya san mummunan labari na sa a ga kamar bai iya aiki ba. Galibi kuma ladansa wani kaso ne na hayar da ya karɓo, gyara kuwa ba ya ƙara masa komai sai zirga-zirga da neman ma'aikata. Shi kuma ɗan haya yana tsoron idan ya cika ƙorafi za a ƙara masa kuɗi ko a ba shi notis. Wannan tsoro ba na banza ba ne, shi ya sa jihohi da dama a Amurka suka haramta korar ɗan haya don ramuwar gayya a kan ƙorafin gyara, Ingila ma ta sanya irin wannan kariya a dokarta a 2015. Sai kuma kai, mai gida. Ka yi haƙuri in tambaye ka: ranar ƙarshe da wakilin ya kira ka a kan kuɗin gyara, da wace irin murya ka amsa masa? Idan duk sanda ya ambaci gyara sai ka ce "kullum kuɗi, kullum kuɗi", to kai da kanka ka koya masa cewa "komai lafiya" ita ce amsar da ke raba shi da kai lafiya.

Kada ka ɗauka wannan ciwon ƙananan masu gidaje ne kaɗai. A ranar 14 ga Yuni 2017 gobara ta cinye dogon benen Grenfell mai hawa 24 a Landan, mutum 72 suka rasu. Mazauna ginin sun shafe shekaru suna kokawa a kan hatsarin wuta, har a Nuwamban 2016 wasu daga cikinsu suka rubuta cewa da alama sai wani babban bala'i ya auku kafin a saurare su. Masu kula da ginin sun riga sun ɗauke su a matsayin masu neman fitina, kuma da zarar ka yi wa mutum wannan laƙabi, ka daina jin abin da yake faɗa. A garin Rochdale, can Ingila, wani yaro ɗan shekara biyu mai suna Awaab Ishak ya rasu a Disambar 2020 sakamakon daɗewa yana shaƙar fumfunar da danshi ya haifar a gidan hayarsu. Mahaifinsa ya kai ƙorafi tun 2017, aka ce masa ya shafe wurin da fenti. Bayan binciken mutuwar ne aka yi dokar da ake kira da sunan yaron, wadda ta yanka wa masu gidajen hayar jama'a, wato na hukuma da na ƙungiyoyin gidaje, wa'adin da dole su bincika ƙorafi su kuma gyara. Abin da dokar ta tilasta, wato amsa cikin ƙayyadadden lokaci, shi ne abin da ya kamata kowane mai gida ya ɗora wa kansa ba sai hukuma ta sa shi ba.

To, me za ka yi? Fara da ƙofa ɗaya. A ba kowane ɗan haya lamba guda da zai riƙa tura ƙorafi a rubuce, da hoto ko ɗan bidiyo, ba ta bakin maigadi ko maƙwabci ko wanda ya ci karo da shi a bakin ƙofa ba. Hoto ba ya ƙanƙancewa a hanya. Wanda rubutu ke masa wuya ya tura saƙon murya, amma wakili ya mayar masa da amsa a rubuce yana maimaita abin da ya fahimta. Sannan kowane ƙorafi ya shiga littafi ko jadawalin kwamfuta da kwanan watansa, wanda kai ma kana iya buɗewa ka gani daga inda kake.

Amsar farko ita ce zuciyar al'amarin, kuma a nan nake so in daɗe. Mutane suna zaton abin da ke korar ɗan haya shi ne jinkirin gyara. A abin da na gani, shirun da ke tsakanin ƙorafi da gyara ya fi jinkirin ciwo. Mutum zai iya haƙuri da famfon da ya lalace har kwana goma idan ya san an ji shi, ya san wanda zai zo, ya san ranar. Amma kwana uku na shiru sun isa ya fara tunanin an raina shi, ya fara leƙa wasu gidajen. Don haka ka'idata ita ce, ranar da saƙo ya shigo, ranar amsa za ta fita, ko da babu abin da aka yi tukuna. Ga irin abin da nake turawa: "Malam, mun ga saƙonka da hoton. Mai gyaran famfo zai zo ranar Talata tsakanin ƙarfe 10 da 12. Kafin nan don Allah ka rufe makunnin ruwan da ke bayan banɗaki. Idan ruwan ya ƙaru kafin Talata, kira ni kai tsaye." Bai kai minti biyu ba, amma ya gaya wa mutumin an ji, ga mai zuwa, ga rana, ga abin yi kafin nan. Idan kuma Talatar ta zo mai gyara ya saɓa, kai za ka riga ɗan hayar magana, kada ka bari ya wuni a gida yana jira sannan ya kira ka. Alkawari kaya ne, kuma "gobe in Allah ya yarda" da aka maimaita sau biyar ya fi "sai mako mai zuwa" na gaskiya ɓata zumunci. Bayan an gama aiki, ɗan hayar za a tambaya ko ya gyaru, ba wanda ya yi gyaran ba. Sau da yawa na ga an rubuta "an kammala" a littafi alhali ruwa na nan na zuba.

Sai dai wakili ba zai iya ba da rana ba idan ba shi da ikon kashe ko sisi sai ya nemi mutum uku a waya. A nan ina zargin ku masu gidan kuna da hannu a cikin jinkirin. Ku yanka masa iyaka a rubuce: duk gyaran da bai wuce kaza ba, misali kwatankwacin hayar sati ɗaya na sashe guda, ya yi ya kawo rasidi da hoto. Abin da ya haura haka ya kawo ƙiyasi biyu, ku kuma ku amsa cikin awa 48. Abin da ya shafi rai, kamar warin gas, wayar lantarki mai tartsatsi, ruwa kusa da wuta, ko ƙofar waje da ba ta kulluwa, ya fara gyarawa sannan ya sanar. Ku ware wani kaso na haya duk wata a asusun gyara, domin mai gidan da ya raba kuɗin haya ƙaf kowane wata shi ne wanda kiran gyara ke ɓata wa rai.

Ka kuma canza tambayar da kake masa. "Komai lafiya?" gaisuwa ce, kuma amsar gaisuwa za ka samu. Tambaye shi: ƙorafi nawa ya shigo a watan nan? Wanne ne ya fi daɗewa ba a gyara ba, kwanansa nawa? Wa zai cika wa'adin hayarsa nan da wata uku, kuma an ji ta bakinsa ko zai zauna? Wannan ya zama rahoton wata-wata mai shafi ɗaya ko biyu, da abin da aka karɓa, da bashin da ake bi, da abin da aka kashe. Idan gida mai sassa shida ya yi wata uku babu ƙorafi ko ɗaya a rahoto, kada ka yi murna. Ko dai ba a rubutawa, ko 'yan hayar sun fid da rai sun daina faɗa. Wanda ya daina ƙorafi sau da yawa ya riga ya fara ɗaure kayansa a zuci.

Akwai masu cewa idan ka ɗauki wakili kada ka yarda 'yan haya su san ka. Ban yarda da wannan ba gaba ɗaya. Gani ya kori ji. Ka je gidan sau biyu a shekara tare da wakilin, bayan an sanar da mazauna, ka hau sama ka duba, ka gaisa da mutane. A kuma rubuta a yarjejeniyar haya cewa wanda ya kai ƙorafi ya yi kwana bakwai bai ji amsa ba, ga lamba ta biyu, wato taka. Amma ka kiyaye abu ɗaya: kada ka yi wa ɗan haya alkawari a bayan idon wakili, kamar ragin kuɗi ko ƙarin lokaci. Ranar da aka gane ana iya tsallake shi a samu biyan buƙata, ka karya shi, gidan kuma ya zama mai baki biyu. Ka saurara, ka ce za ka duba, amsa ta fito ta bakin wakilin.

Shi kuma wanda ya daina biya, akwai wanda ya zauna da shi ya tambaye shi dalili? Ruwa ba ya tsami banza. Zan iya cewa akwai yiwuwar a ƙarƙashin rufin nan yake, ya gaji da magana ya riƙe kuɗinsa don a ji shi. Wannan ba ya wanke shi, domin a ƙasashe da yawa riƙe haya ba tare da bin matakan doka ba na iya jawo masa kora. Amma sanin dalilin zai canza yadda za ku tunkare shi. Idan kuma aiki ya rasa ko rashin lafiya ta same shi, tsarin biya kaɗan-kaɗan da aka rubuta aka sa hannu ya fi shari'a araha ga kowa. Maganar bashi ana fara ta ne a kwana na uku ko na huɗu da murya mai sanyi, ba a wata na uku da tsawa ba, kuma tsakaninku kaɗai. Idan kuna da zauren WhatsApp na mazauna gidan, a bar shi ga sanarwa irin ta ɗauke ruwa da zuwan ma'aikata. Ranar da aka saka sunan mai bashi a ciki, an tozarta shi a gaban maƙwabtansa, kuma wanda aka tozarta ba ya ƙara neman sulhu. Yanke wa mutum wuta ko ruwa, ko canza kwaɗo don a matsa masa, laifi ne a wurare da dama, a Ingila ma laifi ne na hukunci a ƙarƙashin dokar 1977 ta kare 'yan haya daga kora. Idan abin ya kai ga notis, ka nemi lauya a inda gidan yake, domin kowace ƙasa da irin lafazi da tsawon wa'adi da hanyar isarwa da ta yarda da su, kuma ba ko'ina saƙon waya ke tsayawa a matsayin notis ba.

Sauran wuraren da ake yawan saɓawa ba sa buƙatar dogon bayani. Ranar shiga a zagaya gidan tare, a ɗauki hoton kowane ɗaki da mita, a sa hannu, don ranar fita kada gardamar kuɗin ajiyar ɓarna, wato kuɗin da ɗan haya ke ajiyewa ko zai lalata wani abu, ta zama maganata da maganarka. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta ba mai gida kwana 21 ya mayar da kuɗin ko ya kawo lissafin abin da ya cire dalla-dalla, kuma ko doka ba ta tilasta maka ba, ka yi hakan. Kada a shiga wa mutum gida ba sanarwa. Awa 24 ita ce abin da aka saba a Ingila da Kalifoniya idan ba gaggawa ba. Ƙarin kuɗin haya kuma a faɗe shi da wuri tare da dalili, kada ya zo wa mutum ana saura sati biyu wa'adinsa ya cika.

Yanzu abokanka, wanda ina jin shi ya fi ci maka rai. Ba kuɗin rufin ne kaɗai ya ɓata musu ba, jin labarin a makare ne, kuma ta bakinka kai kaɗai. Duk wanda ya zama shi kaɗai ke jin labarin dukiyar tarayya, zargi na jiransa ko da hannunsa tsarkakakke ne. Saboda haka rahoton wakili ya riƙa zuwa wa ku uku a lokaci guda, asusun gidan kuma kowa ya iya ganinsa. Ka kuma tuna me kuka gaya wa juna ranar saye. Idan lissafinku haya sau goma sha biyu ne kawai, babu watannin da sashe zai zauna ba kowa, babu gyara, babu haraji da inshora da ladan wakili, to tun ranar aka shuka wannan saɓani. Ku zauna ku sake lissafin da gaskiya. Ku rubuta wa ke magana da wakili, wane adadi ne sai ukunku sun amince, me za a yi idan ɗaya ba shi da kuɗin da zai zuba a babban gyara, da yadda wanda ya gaji zai sayar da kasonsa. Masu mallakar tarayya suna da wata cuta ta jan ƙafa a kan labarin da ba sa son ji. Ginin Champlain Towers South a garin Surfside na jihar Florida a Amurka ya rushe a ranar 24 ga Yuni 2021, mutum 98 suka rasu. Tun 2018 injiniya ya rubuta rahoton babbar lalacewa a kankaren ginin, amma aka shafe kusan shekara uku masu sassan na kai-komo a kan kuɗi da tsarin aikin, har ginin ya faɗi ba a yi babban gyaran ba. Idan mai sana'a ya kawo muku gargaɗi a rubuce, ku sa ranar yanke shawara a wannan zaman.

Game da sallamar wakilin, ga abin da zan yi da ni ne. Zan kira mutum ukun da suka tashi, ni da kaina, in ce ba kira na rigima ba ne, ina so ne in san abin da ya faru. Wanda ya riga ya tashi ba ya tsoron kowa, zai gaya maka gaskiya, wani ma zai turo maka saƙonnin da ya aika ba a amsa ba. Sannan in zauna da wakilin, in nemi rasidai da tarihin ƙorafe-ƙorafe, in kuma amsa nawa laifin idan na taɓa rufe masa baki. Idan abin da na gano rashin tsari ne da tsoron kawo mummunan labari, zan ba shi sababbin ka'idojin nan a rubuce da wata uku na gwaji. Idan kuwa na tarar ya karɓi haya ya ce ba a biya ba, ko ya ƙara kuɗi a rasidi, ko ya ga saƙon yoyon da idonsa ya ɓoye, to babu gwaji. Amma ko a nan kada ka sallame shi ta waya cikin fushi. Ka duba wa'adin da yarjejeniyarku ta tanada, ka karɓi makullai da takardun haya da kuɗin ajiyar 'yan haya da lissafin bashi, sannan a rana guda ka aika wa kowane mazaunin gidan takarda mai sa hannun ku uku, da ke cewa daga yau ga wanda za a kira, ga kuma asusun da za a biya.